Ruwan zafi na Maulaya Yakubu kusa da Fas: ya dace in kai mahaifiyata?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar duk wanda ya taɓa zuwa ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko, musamman wanda ya ƙarasa ƙauyen nan na kan tudu da ake kira Maulaya Yakubu, inda ruwan zafi yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Mahaifiyata ta haura shekara sittin da biyar, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba ta da burin da ya wuce ta ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Allah ya hore mana, ni da ƙannena mun haɗa kuɗin tafiya, kuma ni zan raka ta. Abin da ke damuna shi ne gwiwoyinta. Kusan shekara talatin ta yi tana tsaye a gaban tukunyar wake da shinkafa a nan unguwar Aboabo ta Kumasi, da wannan tsayuwar ta ciyar da mu ta biya mana kuɗin makaranta, yanzu kuma a kan kujera take salla, idan ta tashi da asuba sai ta dafa bango kafin ƙafar ta saki. Tana da hawan jini, tana shan ƙwaya kullum safiya.

Wata Hajiya da suke wazifa tare ta ba ta labarin cewa akwai wanda ya shiga wannan ruwa da sanda ya fito ba ya bukatarta. Tun daga ranar ba ta da zancen da ya wuce shi, har ta fara cewa idan ta dawo za ta yi sujada da goshinta a ƙasa kamar da. Ba na son in kashe mata gwiwa, ba na kuma son in ɗauke ta zuwa wata ƙasa in jefa ta cikin wahala ko haɗari. Mu a nan Gana ruwan da muka saba da shi na sanyi ne, irin na Kintampo da tafkin Bosomtwe, don haka ban san yadda jikin tsohuwa zai karɓi ruwan zafi na ƙasa ba.

Tambayata ita ce: yaya nisan wurin daga Fas, kuma mai ciwon ƙafa zai iya kaiwa ga ruwan? Mai hawan jini zai iya shiga? An ce ruwan yana wari, to alwala ko wanka da shi ya inganta? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Alhaji na Asawase ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka kan wannan niyya, ya ba Hajiya lafiya. Na je Fas sau biyu, kuma a zuwa na biyu na kwana uku a Maulaya Yakubu saboda ciwon baya, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani.

Tafiyar ba ta da wuya. Daga Ankara, babban birnin Gana, jirgi yana kaiwa Kasablanka kai tsaye, daga can kuma jirgin ƙasa yana kai mutum Fas cikin kimanin awa huɗu. Ƙauyen yana arewa maso yamma da Fas, tazarar kilomita ashirin ko ɗoriya kaɗan, tafiyar kusan rabin awa a mota. Akwai manyan tasi da ake cikawa da fasinja kamar yadda muke yi a tasha, amma tunda kana tare da tsohuwa, gara ka yi shatar motar gaba ɗaya, ku daidaita kuɗi da direba kafin ku tashi. A allon hanya za ka ga an rubuta Moulay Yacoub. Da zarar kun bar gari sai tuddai marasa itatuwa, hanya tana lanƙwasa tana hawa tana gangara, idan bayan ruwan sama ne ko'ina kore shar da alkama, idan rani ne ƙasa ta yi fari fat.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin in je, kuma shi ne ya kamata ka fi riƙewa, shi ne matakala. An gina ƙauyen ne a jikin gangare, gida a kan gida, motoci suna tsayawa a sama, tsoffin wuraren wankan kuma suna can ƙasa. Mutum zai yi ta sauka ta lunguna masu matakala, masu shaguna hagu da dama suna sayar da tawul da gajerun wanduna da sabulu da takalman roba, ga masu gasa nama da masu shayi. Saukar tana da daɗi ga mai lafiya. Dawowar ce aiki, domin ruwan zafi yana sake jiki ƙwarai, ka fito kana jin kamar an zare maka laka, sannan ga hawa a gabanka. Ni da gwiwata ƙalau take sai da na zauna hutawa sau uku. Na ga tsofaffin da 'ya'yansu suka riƙe ta kowane gefe suna hawa mataki ɗaya-ɗaya, kuma na tausaya musu matuƙa, domin sauƙin da suka samu a ruwa sun mayar da shi a kan hanya. Idan ka taɓa hawa tudun Kwahu da ƙafa, to ka kwatanta wannan.

Mafita ita ce sabon wurin jinya da aka gina daban da tsakiyar ƙauyen, wanda mota take kaiwa har ƙofarsa. Ruwan ɗaya ne, amma an tsara wurin irin na asibiti: akwai babban tafkin wanka, akwai bahon mutum ɗaya a ɗaki, akwai ma'aikatan da aka horar, kuma ana rage zafin ruwan kafin a shiga. Ya fi tsohon wurin tsada nesa ba kusa ba, amma ga mace mai shekarun Hajiya, a ganina wannan kuɗin ba asara ba ne. Gara ku rage tsaraba ku biya can.

Shi kansa ruwan, a inda yake fitowa zafinsa ya kai digiri 54 a ma'aunin Selshiyas, wato ba a iya daɗewa da hannu a ciki. Daga zurfin da ya wuce kilomita ɗaya yake tasowa, kuma wannan ne asalin zafinsa, tunda ƙasa tana ƙara ɗumi gwargwadon yadda aka nutsa cikinta, kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. A hanyarsa ta tasowa yana ratsa duwatsu masu gishiri da farar wuta, shi ya sa yake da ɗanɗanon gishiri sosai, warinsa kuma kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Tun daga saman ƙauyen za ka fara jin warin, bayan awa ɗaya hanci ya saba. Ka gaya wa Hajiya ta cire zobe da awarwaro na azurfa kafin ta shiga, domin farar wuta tana baƙanta azurfa nan take. Zoben da na manta a yatsana sai da na kai shi wurin maƙeri a Alabar ya goge mini.

Mutanen Maroko sun daɗe suna zuwa wurin saboda sanyin ƙashi da cututtukan fata da na hanci da maƙogwaro. Suna ba da labarin cewa wani sarki mai suna Yakubu ya warke a ruwan, a can ƙololuwar tudun kuma akwai hubbaren wata baiwar Allah da suke kira Lalla Shafiya, mata suna hawa ziyara. Kada Hajiya ta yi tunanin hawa can, hanyar ta fi ƙarfin ƙafarta.

Game da ni, gaskiya na ji sauƙi. Na dawo Kumasi ina iya sunkuyawa in ɗaura takalmi, na yi kamar wata biyu a haka, daga baya ciwon ya dawo a hankali. Ban ga wanda ya jefar da sanda ba, amma na ga fuskokin mutanen da suka yi barci mai kyau bayan sun daɗe ba su yi ba.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin Fas ba irin hunturunmu ba ne, da ruwan sama yake zuwa, yana shiga ƙashi, kuma fitowa daga ruwan zafi zuwa cikin wannan iska ba zai yi wa tsohuwa kyau ba. Yuli da Agusta kuma zafi yana iya kai digiri 40. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, su ne daidai.

Ma'aikaciyar jinya daga Nima ta amsa:

Sannu Malam, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Alhaji ya yi bayanin wurin, ni kuma zan yi magana kan jikinta, domin tsofaffi masu irin wannan ciwo su nake dubawa kusan kullum.

Yadda ka siffanta ciwon, na gwiwar da ta daɗe tana ɗaukar nauyi da tsayuwa, mai ƙagewa da safe ya saki bayan ɗan motsi, ya yi kama da zaizayewar guringuntsi, wato abin nan mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Idan ya cinye, babu ruwan da zai tsiro da shi, na zafi ko na sanyi. Abin da ruwan ɗumi yake yi shi ne ya sassauta naman da ya ɗaure a kewayen gaɓar, ya ƙara gudun jini a wurin, ya rage raɗaɗi. Ban da haka, idan mutum ya shiga ruwa har ƙirji, gwiwarsa tana hutawa daga fiye da rabin nauyin jikinsa, sai ya ga yana lanƙwasa ƙafar da ya kasa lanƙwasawa a tudu. Wannan sauƙi na gaske ne, kuma yana iya ɗaukar makonni. Amma ina roƙonka ka fara shirya zuciyar Mama tun yanzu, cikin ladabi, don kada ta dawo gida ta ga har yanzu kujera take bukata ta ɗauka cewa ziyararta ba ta karɓu ba. Na ga tsofaffin da baƙin cikin irin wannan ya fi ciwon kansa kwantar da su.

Maganar hawan jini kuma, mutane da yawa suna zaton ruwan zafi zai ƙara hawan ne. Abin da aka fi gani akasin haka ne: zafi yana buɗe hanyoyin jini, jinin ya sauka, zuciya ta ƙara sauri, ga gumi yana fita ko da mutum bai lura ba tunda yana cikin ruwa. Idan aka haɗa wannan da ƙwayar da ta sha da safe, musamman irin mai sa yawan fitsari, to da ta miƙe tsaye farat ɗaya jiri zai iya ɗibarta ta faɗi a kan daɓe mai santsi. Karayar ƙugu ga mace mai shekara sittin da biyar a ƙasar da ba ku jin yarenta, wannan shi ne abin da nake tsoro, fiye da ruwan kansa.

Don haka kafin ku sayi tikiti, ka kai ta wurin likitan da yake duba ta, ka gaya masa ƙarara cewa za ta shiga ruwan zafi, a auna jininta, a saurari zuciyarta, a kuma gwada sukari ko da ba a taɓa cewa tana da shi ba. Dalilin sukarin shi ne mai wannan ciwo wani lokaci tafin ƙafarsa yana mutuwa, ruwa ya ƙona shi bai ji ba. Idan jinin nata ba ya zama daidai, ko tana haki idan ta yi 'yar tafiya, ko ƙafafunta suna kumbura, to ta haƙura da shiga gaba ɗaya. Haka nan idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi a ranar, ko akwai gyambo a jikinta, ko tana zazzaɓi.

Idan likita ya yarda, to ruwan kada ya wuce digiri 38 ko makamancin haka, ta fara da minti goma, kada ta wuce goma sha biyar, kuma ruwan ya tsaya mata a ƙirji. Ta sha ruwan sanyi kafin ta shiga da bayan ta fito, kada ta shiga da azumi a bakinta ko bayan ta cika ciki da abinci. Idan za ta fita, ta zauna a bakin ruwan tukuna na ɗan lokaci, sannan a riƙe ta ta tashi, ta kwanta ta huta rabin awa. Kada ta bar shan ƙwayarta ko da rana ɗaya, kuma maganin ya kasance a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Ruwan nan kuma ba na sha ba ne gare ta, gishirin da Alhaji ya ambata ya isa dalili.

Baƙon Agadas a Sabon Zango ya amsa:

Ni ɗan Nijar ne mazaunin Kumasi. Mu ma muna da irin wannan ruwa a Tafadek, a cikin duwatsun Azbin arewa da Agadas, kuma tun kakanni masu sanyin ƙashi suke zuwa su yi kwanaki a can. Abin da dattawanmu suke yi ya zo ɗaya da maganar 'yar'uwarmu ta Nima: shiga kaɗan-kaɗan, safe da yamma, kwana da yawa, ba a zauna sau ɗaya a daɗe ba. Wanda ya je Yankari a jihar Bauchi ya yi wanka a Wikki kada ya yi zaton duk ɗaya ne, na Wikki ɗumi ne kawai, kusan digiri 31, yara ma suna wuni a ciki. Mai digiri hamsin da wani abu sai an yi masa ladabi.

Malam na Sawaba ya amsa:

Allah ya karɓi ziyarar Hajiya. Game da tsarkin ruwan, hankalinka ya kwanta. A mazhabar Imamu Malik, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canja saboda ƙasar da yake zaune a cikinta ko yake gudana a kanta, kamar gishiri ko taɓo ko farar wuta, yana nan a matsayin ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, kuma wannan hukunci yana cikin babin tsarki na Risala da Ahalari da muka karanta a zaure. Canjin da yake hana alwala shi ne wanda ya zo daga abin da ba na mazaunin ruwan ba. Saboda haka ruwan da ya fito daga famfon maɓulɓular ya halatta a yi alwala da wanka da shi. Amma na tafkin da jama'a suka cika, wanda sabulu da mai suka gauraya da shi, gara a bar shi a nemi na famfo. An kuma karhanta ruwa mai tsananin zafi saboda yana hana mutum cika alwala yadda ya kamata, sai a bari ya huce.

Neman lafiya ta hanyar ruwa ba baƙon abu ba ne. A cikin Suratu Sad, Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an umarce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa ya fito na wanka da sha. Ruwa sababi ne, ƙwayar likita ma sababi ce, kada a riƙe ɗaya a saki ɗaya. Ka kuma tunatar da Hajiya cewa sallar da take yi a zaune saboda lalura cikakkiya ce, babu abin da ya ragu daga ladanta, ko ta warke ko ba ta warke ba. Sai kuma kiyaye al'aura a wurin wanka, ko da tsakanin mata ne.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya amsoshinku jiya bayan isha'i. Da na zo kan maganar Malam game da salla a zaune ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a yi masa godiya. Ta yarda mu je asibiti ranar Litinin, mun kuma tsayar da watan Oktoba idan likita ya ba da izini. Za mu fara da ziyara a Fas, domin ita ce asalin tafiyar, sannan mu yi kwana uku a ƙauyen. Abu ɗaya ya rage mini: ta ce in nemi jarka mu ɗebo ruwan mu kawo wa maƙwabta. Ko hakan yana da amfani?

Hajiya ta Tafo Zango ta amsa:

Ɗana, ka bar maganar jarka. Yawancin amfanin ruwan yana cikin zafinsa ne da shiga cikinsa, kafin ku iso Kumasi ya huce, warin ya tafi, sai ruwan gishiri kawai ya rage, ga kuɗin nauyi a filin jirgi. Idan tana son ruwan sha na wannan yanki, akwai na Sidi Harazem da ke gabas da Fas, ana sayar da shi a gora a shagunan ƙasar, ta sha a can. Tsarabar maƙwabta kuwa, tasbaha da dabino da turare sun fi sauƙin ɗauka.

Amma akwai abin da duk mazan nan ba su ambata ba, ni kuma na gani da na raka yayata. A tsohon wurin wanka ɓangaren mata daban yake da na maza, kai kuma a ƙofa za ka tsaya. Ko a sabon wurin, ba kai za ka taya ta tuɓe kaya ko ka riƙe ta a baho ba, ita ma ba za ta yarda ba. To wa zai riƙe mata hannu a kan daɓen, wa zai duba agogo ya ce minti goma sun cika, wa zai lura idan fuskarta ta canja? Matan wurin suna da kirki, wata tsohuwa har bayana ta cuɗa mini ba ta san sunana ba, amma Larabcinsu na gida ne da Faransanci, ko wanda ya yi karatun allo sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci kalma. Idan Hajiya ta ji jiri, da Hausa za ta faɗa.

Saboda haka ku zauna da ƙannenka ku duba ko za a iya ƙara kuɗin kujera ɗaya, ƙanwarka ko matarka ta bi ku. Haka kuma za ta amfane ta a cikin Fas, domin zawiyar Shehu tana cikin tsohon gari inda mota ba ta shiga, lungunan ƙanana ne masu hawa da gangara, kuma a cikin zawiyar ma mata suna da wurinsu daban. Ku saya mata takalmin roba mai kama ƙasa tun daga kasuwar Kejetia, da zane mai kauri guda biyu, ɗaya na shiga ruwa ɗaya na lulluɓa idan ta fito, da hular sanyi da za ta rufe kunnuwanta a ƙarƙashin mayafi. Wadda za ta raka ta kuma ta riƙe gorar ruwan sha a hannu har bakin bahon.